Kaka Ta Ƙi Sabon Kwaɗo

"Lafiya lau, in ban da ganinka," Kaka ta amsa wa jikanta da ya shigo ofishin asibitin, ko ɗagowa ba ta yi daga kan kwamfuta ba.

Shekara ashirin da biyar ke nan da ta rubuta manhajar da ƙaramin asibitin unguwa yake ajiye bayanan marasa lafiya a ciki, ko tari manhajar ba ta taɓa yi ba. Jiya aka sabunta harshen kwamfutar da ta rubuta ta da shi, ya zo da ƙofofinsa duk a kulle, aiki ya tsaya cik. Abin haushin, jikanta na cikin waɗanda suka yanke shawarar kullewar. Ita kuwa ta mayar da tsohon harshen, ta zauna jiran jikan.

"Uwargida, an ce kin cire mana kwaɗo," in ji jikan.

"Na cire. Miji mara amfani! Ka shigo gidana ka kulle ni a waje?"

"Gidan naki ai ko ƙyaure babu. Duk wanda ya ga dama sai ya shiga ya karanta ciwon mutane."

"Wa ya taɓa shiga? Ina rubuta manhajar nan kana tsotsar yatsa."

"Shi ya sa take tafiya da sanda irinki. Layi goma za mu gyara, shi ke nan."

"Ko wasali ba zan taɓa ba. Abin da ya yi aiki jiya dole ya yi yau. Ku je ku buɗe wa kowa yadda kuka same shi."

"Ba za mu buɗe ba, ko za ki sake ni."

"Na sake ka, saki uku!"

Ya jingina da kabad, ya ciro waya, ya ɗan daddanna yana murmushi. Kaka ta tsani wannan murmushin nasa.

"Ga ni a cikin manhajarki, ko kalmar sirri ba a tambaye ni ba. Bari in duba fayil ɗinki kawai. Af! Ba sittin kike ce mana ba? Nan an rubuta saba'in da huɗu. Ga kuma batun haƙoran roba..."

Sai yanzu Kaka ta ɗago daga kan kwamfuta. Ba don haƙoran ba. Matan da ke zaune a benci a waje ta tuna, da abin da kowacce ta faɗa wa likita a asirce.

Ta fizge wayar, dariya ta ƙwace mata.

"Ɗan banza! Na mayar da kai." Ta tura masa kujerarta. "Zauna ka kulle, kwaɗo biyu. Amma layi goman ni zan rubuta su."