Kalmomin Lawandi da Rubutun Tsutsa

Wannan a gabana aka yi shi, a taron marubutan da muke yi ran Lahadi da la'asar a Funtuwa, cikin harabar wata firamare da ake ara mana benci.

Akwai wani a cikinmu, Lawandi, irin marubutan nan da ba su taɓa fitar da littafi ba amma sun riga sun ƙware a tafiyar masu littafi. Jaka a hammata, tabarau a goshi, in ka gaishe shi sai ya ɗan jima kafin ya amsa, wai kada ka katse masa tunani. Shekara da shekaru yana gaya mana yana gina wata duniya tasa ta kansa, mai sarakuna da mayaƙa da tsuntsaye masu magana. Ya raɗa mata suna Kwalzum. Da Allah ya sa ya gama, sai ya zo mana da rubutu mai kaurin bulo.

Labarin kansa ba laifi, akwai yaƙi, akwai tsafi, akwai cin amana. Inda gizo ke saƙar shi ne Lawandi ya ce mutanen Kwalzum ba za su yi magana irin tamu ba, don haka ya zauna ya ƙera musu kalmomi. Da abin da babu shi a duniyarmu ya raɗa wa suna, da ba wanda zai ce uffan. Amma ina. Takobi ya koma zarƙumbal. Doki ya koma gulandiƙi. Sarki tantaɓurji ne. Ruwan sha ma bai tsira ba, shamburzai ake ce masa a can. Sai ka ji an ce tantaɓurji ya zare zarƙumbal, ya haye gulandiƙi, ya nemi a miƙo masa shamburzai. Ranar da ya fara karanta mana, wani dattijo a cikinmu ya ɗauka addu'ar tsari yake yi, har ya shafa.

Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan kuwa, Lawandi ya sa an karkata ta, an yi ta da rubutun tsutsa. In ka buɗe shafi sai ka ga kamar gonar geron da iska ta kwana tana duka: nan a tsaye, nan a kwance, ido ya rasa inda zai taka.

Masu maɗaba'ar da suka karɓi littafin suka miƙa shi ga Malama Hansatu ta tace. Tsohuwar malamar Hausa ce da ta yi ritaya, ta gyara littattafai masu yawa, kuma ba ta da yawan magana. In tana sauraronka tana ɓare gyaɗa, ba ka sanin ko ta yarda da kai sai ka ga abin da ta yi wa rubutunka. Ta riƙe littafin ta gyara, ta dawo masa da shafukan gwaji. Yana buɗewa ya ga kalmomin nan nasa duk ta tashe su tsaye. Zarƙumbal na zaune kusa da tuwo, babu bambanci.

Lawandi bai je ya same ta a gida ba. Ya jira har ranar taro, lokacin da benci ya cika, sannan ya miƙe ya ce yana da ƙorafi. Ya ce an yi wa fasaharsa kisan mummuƙe. Ya ce an riga an sa ranar ƙaddamarwa, surukinsa ne babban baƙo, kuma an gayyato mutane daga Zariya har Gusau. In ba a mayar masa da kalmominsa yadda ya kwantar da su ba, zai janye littafin daga maɗaba'ar, ya kuma gaya wa duk marubucin da ya sani kada ya ƙara ba Malama Hansatu aiki. Yana magana yana buga shafukan a tafin hannu. Ita kuwa tana gefe tana ɓare gyaɗarta.

Wuri ya rabu biyu. Wasu suka ce Lawandi na da gaskiya, kalmar da ba ta cikin Hausa baƙuwa ce, baƙo kuwa ana nuna shi don a san da shi. Wasu suka ce ai a Kwalzum ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, wanda yake sha ba ya jin ruwansa a karkace. Wani malamin sakandare ya kawo shawarar a karkata kalma a karon farko kawai, daga nan a sake ta ta yi yawonta. Lawandi ya dube shi sheƙeƙe, ya ce shi bai ƙera kalma don a yi mata tsutsa sau ɗaya a manta da ita ba.

Malam Barau, shugaban taron, ya ga abin na neman zama rigima, sai ya nemi Malama Hansatu ta faɗi dalilinta. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta yi bayani a tsanake. Ta ce rubutun tsutsa kamar taɓa mai karatu ne a kafaɗa. In ka taɓa mutum sau ɗaya zai waiwayo, in kana taɓa shi a kowane layi zai tashi ya bar maka wurin. Ta ce mai karatu so yake ya shiga Kwalzum ya manta da kansa, amma duk kalmar da aka kwantar tana tuna masa cewa ga Lawandi nan tsaye a bayansa yana jiran yabo.

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wannan ta ƙara tunzura shi. Ya cire tabarau daga goshi, ya nuna ta da shi.

Ya ce, "Malama, da girmanki, amma wannan fanni ba naki ba ne. Kin san daren da na raba ina ƙera kalmomin nan? Kowace ɗaya sai da na auna ta a baki, na ji nauyinta."

Ta ce, "Na ji nauyinsu ni ma, Lawandi."

Bai tsaya nan ba. Ya juya ga jama'a yana neman shaida, ya ce su duba masa wannan lamari da idon basira. Mutum ya sayi littafi, ya buɗe, ya ci karo da gulandiƙi a tsaye ƙiƙam, babu wata alama. Ta yaya zai san cewa marubuci ne ya ƙirƙiro ta da gangan? Ya sake juyowa gare ta, murya ta hau.

"In aka bar su haka, wallahi mutane cewa za su yi yatsan mai buga rubutu ne ya zame a kwamfuta. Za a ɗauka kuskure ne."

Malama Hansatu ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki, ta tauna, ta haɗiye.

Ta ce, "Ai shi ya sa na tashe su, ɗana. Asirinka nake rufawa."