Mati da Gajeriyar Ƙafa

A garinmu, Kwarin Maje, gidan ƙarshe kafin ka gangara rafi shi ne gidan Mati. Su uku ne a ciki: shi, da uwarsa Inna Goshi wadda idonta ya yi rauni, da matarsa Tasalla. Da Allah ya so, da su biyar ne. Sau biyu naƙuda tana yi wa Tasalla gardama, sau biyu ana ɗora ta a amalanken shanu a nufi asibitin birni, sau biyu kuma ana juyowa daga rabin hanya da gawar jariri a cikin zane. Mati ɗan kawuna ne, taubashina, kuma ba zan ɓoye muku ba, wawa ne. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya ja bakinsa, sai ka ga ya sa hannu ya kama leɓe.

Da wata ƙungiya ta ba ɗan asibitinmu mota, jif mai ja da ƙafa huɗu, ni Ilu aka ba tuƙi. Ita kaɗai ke iya ratsa lakar hanyarmu da yashin rafi in damina ta zauna. A shekarar ce Tasalla ta sami ciki na uku. Mati ya je gaban Alhaji Maikano, shugaban kwamitin asibiti, ya durƙusa ya ce a ba shi gadin motar ko da ba za a ba shi komai ba. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da yake gadi.

Wata rana da safe na zo na tarar da tayar baya a kwance, ba iska ko kaɗan. Raina ya ɓaci, na ce, "Kai Mati, kana ina har taya ta sace?"

Ya dafe ƙirji. "Ta sace? Me ta sace?"

Kafin in buɗe baki ya rungume tayar kamar za ta gudu, ya kwarma ihu: "Jama'a, sata! An yi sata a motar asibiti!" Nan da nan gari ya taru, wasu da sanda, wasu da taɓarya. Har Alhaji Maikano ya fito. Don in kashe maganar, na shiga ƙarƙashin mota in sauko da safaya, wato tayar ko-ta-kwana, in ɗaura. Wallahi abin da na jawo sai da ya sa na yi salati: wata 'yar siririyar taya ce ta ƙaramar mota, ramukan noti kawai suka yi daidai. Sabuwar safayarmu kuwa, mai kauri, duk wanda ya je kasuwa ranar Laraba ya gan ta a jikin a-kori-kurar Alhaji mai kai hatsi.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Taya ai taya ce. Duk baƙaƙe ne."

Mati ya saki tayar da ya rungume, ya shafa ta, ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Ashe ba ke kika yi satar ba." Wani ya yi tari, wani ya tuna yana da aiki a gona, taro ya watse.

Wata rana na kai motar birni wurin Oga Jatau bakanike, Mati ya biyo ni. Na nuna masa safayar. Ya juya ta, ya yi tsaki.

"Wane maƙiyin ne ya ba ku wannan? Ilu, motar nan ba irin sauran ba ce. Ƙafafunta huɗu tare suke ja. In ɗaya ta gajarta, sai ta yi ta sauri don ta cim ma 'yan'uwanta, su kuma suna jan ta baya. Giyabos ne ke shan wahalar, yana cikin tafiya haƙoransa su kakkarye. In ta kama dole, lallaɓa ta zuwa wurin mai faci, amma doguwar tafiya kam, ka yi wa motar sallama."

Muna cikin magana muka nemi Mati muka rasa. Can sai ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Na jawo shi, fuskarsa duk baƙin mai, hannunsa riƙe da asuwaki.

"Uban me kake yi a nan?"

"Haƙoran nake nema in goge mata. In suka kakkarye, wa zai kai Tasalla?"

Makanikai suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Oga Jatau kaɗai ne bai yi ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai dai ka riƙe abu ɗaya: ƙafafun nan huɗu su zama daidai."

Wata rana, cikin Tasalla na wata takwas, Mati ya wanke riga ya tafi zauren Alhaji ba tare da ya shawarci kowa ba. Ya gaishe shi, ya ce ya zo ne a kan maganar safayar asibiti. Mu masu hankali, mu goma sha biyu a kwamiti da ma'aikata, ba wanda ya taɓa iya wannan. Alhaji yana da baƙi, sai ya yi murmushi ya ce, "Je ka abinka, Mati, safayarku tana hanya."

Mati ya yi godiya, ya wuce kai tsaye mararrabar kwalta ya zauna a kan dutse. Duk motar da ta gifta sai ya miƙe ya leƙa bayanta ko tayar na biye. Kwana biyu yana can, ruwan sama ya dake shi sau uku. Ni na je na ɗauko shi a babur yana rawar sanyi.

"Ilu, ko ta ɓata hanya ne? Ba ta san garin ba sosai."

Na ce, "Ta san garin, Mati. Gidan da take ne ba a fita." Kwana biyar ya yi a kwance da zazzaɓi, mai cikin ce ke dafa masa sassaƙe. Ranar na ji na tsani kaina, na tsani garin gaba ɗaya.

Wata rana, bayan Tasalla ta shiga watanta, ƙusa ta huda tayar gaba. Na ɗaga mota a jak, na cire tayar, na hau acaɓa da ita zuwa Dogon Marke wurin mai faci. Abin da ya faru a bayana, Cindo mai gyaran babur ne ya ba ni labari, don a gabansa aka yi. Alhaji ya zo da surukinsa mai iya tuƙi, za su taron siyasa a motar asibiti can wata jiha, kwana biyu.

"Mati, ɗaura safayar nan."

"Alhaji, gajeriya ce. Oga Jatau ya ce..."

"Oga Jatau ne ya ba ka gadi ko ni? Ɗaura!"

Ya ɗaura. Da aka sauke jak, mota ta karkace gefe ɗaya.

"Alhaji, ka gani, ƙafafun ba daidai suke ba."

"To ka daidaita su mana, sakarai! Kafin in sa riga in fito, in ga huɗun nan sun zama ɗaya."

Mati ya tsaya ya yi nazari. Gajere dai ba ya ƙara tsawo. Sai ya sami tsinke, ya bi manyan tayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya yana sace musu iska, har mota ta durƙusa ta zauna daram, ba karkata ko ta ina. Alhaji ya fito da babbar riga ta sha sitaci, Mati ya tare shi da fara'a: "Sun zama ɗaya, Alhaji."

Marin da ya sha, Cindo ya ce har a bakin rijiya an ji. Alhaji ya nemi famfon iska. Famfo ɗaya ne a garin, na Cindo, shi kuma matarsa na da ciki wata bakwai. Ya ce ai famfon ya lalace tun jiya. Dole Alhaji ya naɗe riga ya hau acaɓa. Kafin ya tafi ya nuna Mati da yatsa: "Na kore ka. Kada ƙafarka ta ƙara taka motar nan."

Ina dawowa da azahar na tarar da Inna Goshi a ƙofar asibiti tana lalube tana kuka. Naƙuda ta kama Tasalla, ga jini. Nan take famfon Cindo ya warke. Na mayar da tayar da aka yi wa faci, maza suka yi layi suna karɓa-karɓa a kan famfo, gumi na zuba, har ƙafafun suka miƙe. Muka sa Tasalla da unguwarzoma a baya.

"Mati, shiga!"

"Alhaji ya ce kada ƙafata ta taka."

"Shiga, don Allah don Annabi!"

Ya girgiza kai yana hawaye. Ba ni da lokacin gardama, na ja mota. A madubi na hango shi yana binmu da gudu cikin laka. Kilomita goma sha takwas ne zuwa asibitin birni. Ya iso gab da magariba, takalmi ya tsinke, tafin ƙafa duk jini, ya tarar an yi wa Tasalla aiki an ciro 'ya mace tana tsala kuka. Likita ya ce da mun ƙara awa ɗaya, da gawa biyu za mu mayar.

Alhaji ya dawo, ya ce ni na haɗa baki da wawa, ya karɓe makulli ya ba surukinsa. Ba a yi sati uku ba wata taya ta sake hujewa. Suka ɗaura gajeriyar, suka hau kwalta zuwa ɗaurin aure, tafiyar yini guda. Tarakta ce ta jawo motar gida, giyabos ya zama gari.

Ran Juma'a bayan an sallame, Alhaji ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, sai haƙuri. Motar asibiti ta mutu. Haka Allah ya so."

Aka fara "Allah ya mayar da alheri." Sai Mati ya ɗaga hannu daga can baya, yana ɗingishi.

"Alhaji, mutuwa ta yi, ko kashe ta aka yi?"

Ba wanda ya yi dariya. Cindo, wanda matarsa ke daf da watanta, ya ce, "Alhaji, an tambaye ka." Alhaji ya kakkaɓe riga, ya sa takalmi, ya bi ta tsakiyarmu ya wuce, muna matsa masa hanya. Har yau shi ne shugaban kwamiti, Mati kuma shi muke kira wawan gari.