Ranar da Na Tatse Mashin ɗin Surukina

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa mashin ɗin surukina juyen baƙin mai ba.

Baffa, mahaifin maiɗakina, ya zo mana Dutse daga Taura a kan tsohon mashin ɗinsa, wanda nake kyautata zaton ya girmi aurenmu. Irin gero ya zo saya, ga ruwa ya sauka, washegari zai yi shuka a wata gona mai nisa da ba ya iya zuwa da ƙafa. Da zai tafi sai ya ce bari ya biya wajen bakanike a yi masa juye.

Ni kuwa shekara da shekaru ina neman abin da zan burge bawan Allahn nan da shi. Tsakanina da shi sai durƙuso da gaisuwa, kuma na san a Taura ana ɗaukata ma'aikacin ofis wanda ko fartanya bai iya riƙewa ba (gaskiyarsu ce). Sai na ji bakina ya ce, "Haba Baffa, ina raye za ka je wajen bakanike?"

Ya dube ni, ya dubi mashin, ya ce, "To, Malam."

Ilimina duka a teburin mai shayi na samo shi. A can aka tabbatar mana cewa bakanikai ba sa tsiyaye tsohon mai tas, ragowar ce ke ɓata sabon. Na kwance notin ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Na karkata mashin dama, na karkata hagu, na girgiza shi kamar mai kaɗe kanya. Maƙwabta suka fara taruwa, ni kuma na fara wa'azi: "Wa zai zuba sabon nono a ƙwaryar da ba a wanke ba?"

Baffa, wanda ya tashi a cikin shanu, ya ce a hankali, "Ai ya isa haka."

Da na ji magana, da yanzu ba ni da labari. Amma na hango wani ɗigo yana lilo a bakin ramin, kamar yana yi mini gwalo. Na ce bari in tayar da injin haka nan babu mai, minti ɗaya kacal, ya amayar da sauran. Na buga, ya tashi, na murɗa totur don jama'a su shaida. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba, sannan ya ce ƙat, ya yi shiru. Na taka abin tayarwa, ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi.

Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki." Wallahi da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Na tura mashin har wajen Sale bakanike, Baffa yana biye. Sale ya buɗe injin, ya riƙe baki.

"Baba, wane mara tsoron Allah ne ya tayar da wannan ba mai? Ai fistin ya kama!"

Na sunkuyar da kai ina jiran a nuna ni. Sai na ji Baffa ya ce, "Tsufa ne, ɗana. Ni da mashin ɗin duk mun gaji."

Nan ne kunyar ta kai ni ƙasa. Dattijo ya ɗauki laifina ya yafa a kafaɗarsa don kada a yi wa mijin 'yarsa dariya a kasuwa. Ya hau bas da buhun irinsa, shukar gonar nan kuma sai bayan kwana huɗu, da na kai masa mashin a gyare.

Ranar, bayan mun gaisa, ya ce, "Malam, kindirmo ma sai an bar masa ɗan tsohon tsami yake kamawa." Bai ƙara ba, bai sake tayar da maganar ba har yau.

Na koyi cewa ɗigon da ya ƙi fita, a bar shi, ya san abin da yake tsarewa. Baffa ma ya koyi nasa: yanzu in ya zo gidana, kafin ya amsa gaisuwata sai ya zare mukulli ya jefa a aljihu.