Tsakuwa Uku a Hanyar Maɗaciyata

Ranar Talata na tashi idona ya yi ɗorawa, cikina kamar ana murɗa shi da filaya. Likitar garinmu ta ce da alama tsakuwa ce ta sauko daga maɗaciya ta toshe hanya, kuma ba mai tabbatarwa sai na'urar MRI.

Na'urar kam muna da ita, a bakin ɗan majalisarmu, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle. Zaɓe uku yana zuwa da sabuwar malafa, ya ɗauki hoto da tumakinmu, ya yi mana alkawarinta. Har ɗakinta an gina, yanzu kujerun taro ke ciki. Allah ya ja zamaninsa. Sau ukun nan kuwa da hannuna na zaɓe shi.

Matata Noeleen ce ta tuƙa ni awa biyar zuwa birni. An hana ni ci da sha, ita ko tana ta cin burodin nama a gefena.

Ni da na shekara arba'in ina kayar da raguna ina aske musu gashi, na shiga asibitin ina hura hanci. Mai kula da na'urar ta ce, "Baba, akwai ƙarfe a jikinka?"

Na ce, "Zuciyata kaɗai, 'yata."

Ta tura ni cikin ramin na'urar, ƙara ta fara kamar ana saran kwano. Ko minti biyu ban yi ba na danna ƙararrawar neman agaji.

"Lafiya, Baba?"

"Gwadawa nake, ko tana aiki."

Sau huɗu na gwada. Sai da Noeleen ta cire 'yan kunnenta ta shigo ta riƙe min babban yatsan ƙafa, sannan na natsu. Hoto ya nuna tsakuwa uku, washegari aka zaro su ta maƙogwaro. Likita ya ce da na ƙara kwana biyu a gida, da labari ya canza.

Da na dawo, maƙwabcina Merv ya jingina da shinge yana min dariya. Na ce, "Kai in taka ta tashi, wa zai tuƙa ka?" Merv gwauro ne. Ya shafa cikinsa, dariyar ta tsaya.

Na rubuta wa Mai Girma wasiƙa mai zafi. Jiya amsa ta iso: ɗan maganaɗisun mannawa a firji, da hotonsa yana murmushi. An ce na'urar da maganaɗisu take aiki, saboda haka na adana shi da kyau. Wataƙila kaɗan-kaɗan za a riƙa aiko mana da ita.