Teleks zuwa ga Suruki

Wani ne a Kutemeshi, matarsa ta yi haihuwar fari. Surukinsa yana gadi a wani kamfanin katako a Kaduna, tsoho ne mai zafin kai. Tun cikin yana ƙarami ya rantse in ya ji haihuwar nan a bakin 'yan tasha, zai zo ya tafi da 'yarsa. Shi kuwa gogan naku kunya gare shi kamar amarya.

Lokacin babu wayar hannu. Amma reshen kamfanin da ke Birnin Gwari yana da teleks, wata na'ura mai kama da tafireta. Ka buga magana a nan ta fito a takarda a can, su ma su bugo amsa. Gogan ya hau keke ya je ya sami akawun wurin, Andrawus.

"Wa za a aika wa?" in ji Andrawus.

"Shi."

"Shi wa?"

"Haba Malam Andrawus! Surukina ne fa. Bakina ya kama sunansa?"

"To me ya faru?"

Ya sunkuyar da kai yana tonon siminti da yatsan ƙafa. "Mutanen gidan ne."

"Rashin lafiya?"

"A'a."

"Rasuwa?"

"Subhanallahi!"

"Haihuwa?"

"Kai ka faɗa, ba ni ba. Kuma kar ka rubuta, sai ya ce ba ni da tarbiyya."

Andrawus ya gaji, ya buga: WANI YANA GAIDA WANI. WATA TA YI WANI ABU.

Can sai na'ura ta kama ƙaƙas-ƙaƙas ita kaɗai, amsa tana fitowa. Gogan ya yi wuf ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabanta.

"Barka da rana, Baba! Ina gajiya?"

"Tashi, malam! Akawun Kaduna ne. Yana tambaya wane mahaukaci ne a kan layi."

"Ka ce na gode, Allah ya ƙara girma."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na'ura ta yi tsit. Mutumin ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Ya sa takalminsa, baki har kunne, ya nufi keke.

"Kai, ina za ka?" in ji Andrawus. "Wuta aka ɗauke! Surukinka bai ji komai ba!"

"Wace wuta? Ya ji sarai. 'Yar farinsa ce, me kake so ya ce?"