Rasuwar Gwaggo Hulda, Wadda Ta Kama Ƙasa Sau Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da faratan da baƙin mai bai gama fita daga ƙarƙashinsu ba, iyalan Sixten Brodd na gidan ƙarshe a hanyar tafki suna sanar da 'yan uwa da abokan tsere rasuwar motarsu, Gwaggo Hulda, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar a tsohon filin jirgin sama, a gaban jama'a, jim kaɗan bayan an ba ta koriyar fitila.

Marigayiya ta shigo gidan nan da mutuncinta. Doguwar motar iyali ce, ruwan toka. Ta kai yara makaranta, ta ɗauko itace, ta ɗauko naman farauta, ba ta taɓa ƙin tashi ba ko a sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Da Sixten ya yi ritaya daga masana'antar katako, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, sai ya ɗaga bonet. Ya ɗaura mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, mai girman tukunyar miya, ya cire salansa. Tun daga ranar ta sauya murya. A tsaye takan ce "gwaf, gwaf, gwaf," kamar tsohuwar da ke gyaran murya kafin faɗa. In an taka mata totur ta yi fito mai tsawo, in an saki ta ce "tsss," kamar ta raina kowa.

Ta yi fama da doguwar jinya, wato santsi. Ƙarfi kam tana da shi har ya yi mata yawa, amma duk sadda fitila ta yi kore sai tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin karawa kuwa ya yi nisa. Burin Sixten ɗaya ne: ta cinye tsawon filin nan ƙasa da sakan sha ɗaya, ko sau ɗaya ne.

An nema mata magani iyakar nema. Masanan bakin fili, waɗanda kowannensu ya san ciwon motar wani fiye da na tasa, ba su yi rowar shawara ba. Aka rage iskar taya. Aka mai da batir cikin but don nauyi ya koma baya. Aka cire kujerar baya don ta yi sauƙi, aka sa buhunan yashi don ta yi nauyi, a mako guda, bisa fatawar mutum guda, wato Folke, aminin Sixten. A ƙarshe aka sayo mata tayoyi masu faɗi marasa zane, masu laushi kamar ƙullin burodi.

Matar gidan, Gunvor, ta taɓa tambaya tana zuba musu kofi a gareji: "To in tayar ta daina zamewa, duk ƙarfin nan ina zai tafi?"

"Ƙasa mana," in ji Folke. "Ke dai kawo burodin kirfa, ki bar wa maza lissafi."

Shekara talatin Gunvor ta yi tana koyar da lissafi. Ta kawo burodin. Ba ta jin daɗin tuna wannan tambaya yanzu, kuma tana roƙon kada a tuna mata.

Dole a faɗi abin da iyali suka ɓoye tun bazara. Likitan ido ya gaya wa Sixten cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a bayan sitiyarin tsere. Ranar Asabar kuwa ita ce gasar rufe shekara. Masu fili sun fesa wa kwalta gam har takalmi na maƙalewa. Marigayiya ta murza tayoyinta wuri ɗaya har suka gasu yadda aka saba, ta matso layi, ta yi fitonta.

Sai ta kama ƙasa.

Waɗanda suka gani sun shaida cewa ƙafafunta na gaba sun bar kwalta da kamar taƙi guda. Ba ta taɓa yin haka ba. Daga nan aka ji "ƙas." Ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ya karye, haƙoran giya suka watse, sandar farfela mai kai ƙarfin inji baya ta doki cikinta, injin da ya rasa abin ja ya yi kururuwa har ya huda kansa. Ta gangara 'yan taku, ta tsaya cikin man da ta zubar. Ashe santsin da aka yi shekaru ana yaƙa shi ne ke raya ta. Ta wurinsa take zubar da abin da ƙashinta ba zai iya ɗauka ba. Ranar da aka warkar da ita, ranar ta tafi.

Sixten bai ji ko ƙwarzane ba. Ya daɗe a ciki da hular kwano a kansa. Da Gunvor ta iso ta buɗe ƙofa, sai ya ce, "Tsohuwa, kin gani? Ta kama."

"Na gani, tsoho."

"Har ta ɗaga kai."

"Na gani. Fito, ana jiran fili."

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi biyu da suka yi aikinsu sau ɗaya tak, da buhunan yashi, da kujerar baya wadda kyanwa ta gada a rumbu. Ta bar maƙwabta da suka yi shekaru suna ƙorafin ƙara, yanzu kuma suna farkawa ranar Lahadi ba su san abin da ya tashe su ba. Ta bar Sixten, wanda tun ranar bai taka gareji ba. Yana zaune a kicin yana duban taga. Ya jera cokula bisa tsawonsu, ya sake jera su. Jiya bai aske gemu ba, kofinsa ya huce a gabansa. Ga hunturu ya ƙarato, lokacin da duhu ke rufewa tun kafin la'asar, kuma fitilar garejin nan ce ta saba fitar da shi daga gado.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan an tashi daga coci. Za a tura gawar da hannu daga layin farawa har ta ƙetare layin ƙarshe, Sixten na riƙe da sitiyari. Ana roƙon kada kowa ya duba agogo. Akwai kofi da burodin kirfa a but ɗin motar Folke, wanda aka yarda ya halarta bisa sharaɗin ba zai ce "da an sa ƙarfe mai kauri" ba.

Kada a kawo furanni. Amma duk wanda ke da wata ruɓaɓɓiyar mota a bayan rumbunsa, wadda kanikawa suka sallama, wadda ba za ta tashi ba kafin ƙanƙara ta narke, ya jawo ta ya ajiye a ƙofar garejinmu. Ya ce wa Sixten ya rasa mai iya gyara ta. Kada ya ce Gunvor ce ta aiko shi.