Hancin Kaka Ijja

"...da gajiyar hanya, Kaka? Tsakanin ke da jakin nan wa ya ɗauko wani?"

Najat ce ta tare ta da haka tun daga bakin ƙofa. Talata ce da hantsi, muna zaune a tsakar gidan ƙungiya, kowace da dutsenta a gabanta tana fasa ƙwallon argan, itacen da muke matsar mai daga ƙwayarsa. Ni Zaina wurina kusa da ƙofa yake, kuma dama ba na barin magana ta wuce ni. Najat ce ta kafa mana ƙungiyar da ta dawo daga karatu a birnin Agadir, ita ta samo injin matsar mai da mutumin da ke saye. Kaka Ijja kuwa uwar ubanta ce, shekara biyu tana cewa ƙafarta ba za ta taka gidan ba. Sai ga ta da buhu a bayan jaki.

"Jakin ya fi ki ladabi, tun asuba ya gaishe ni. Sauke min buhun nan, shugabar masu surutu."

"Me ke ciki? Haƙoranki da suka zube kika tattaro?"

"Haƙorana sun ci naman da ba ki taɓa gani ba kafin su huta. Ƙwallo ne. An ce kuna karɓa, ku da sai da kuka je birni kuka gano itace yana 'ya'ya."

Najat ta kwance buhun, ta zura hannu, ta tsinto wani ɗan baƙin abu ta ɗaga sama. Kashin akuya ne.

"Kaka, wannan ma argan ne?"

"Wannan gyara ce na ƙara miki."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Kowa a ƙauyenmu Tizgi ya san hanyar: awaki su hau itace su ci 'ya'yan, in suna tuƙa su tofar da ƙwallon a shinge, mace ta share ta kwashe, an hutar da ita ɓare bawo. Haka iyayenmu suka yi. Sai dai man yana fita da warin akuya, mu hancinmu ya saba, na mutumin Agadir bai saba ba. Watan jiya ya dawo mana da jarkoki, ya ce zai sake zuwa ya shinshina na ƙarshe, ranar kuwa jibi Alhamis ce. In ya ji wari, ya canza ƙauye, mu kuma mu koma bakin titi muna ɗaga wa motoci kwalba. Shekara tara na yi a bakin titin nan da miji a kwance ba lafiya, kuma tsoron komawa nake yi ƙwarai.

"Ba zan karɓa ba," in ji Najat.

"Da man akuyar nan aka shafe ki ranar suna. Shi ya ba ki ɗan kyan da kike taƙama da shi."

"Shi ya sa har yau bunsuru ke bi na in na wuce."

"Ki gode Allah wani ya bi ki. Ban ga ko mai gyaran keke a ƙofar ubanki ba."

"Jira suke ki tafi in gaji sarƙar azurfarki."

"Za su daɗe. Likita biyu na binne, duk sun ce in rage sukari a shayi."

Najat ta ɗaure bakin buhun tamau. "Kaka, ko ƙwallo ɗaya ba zai shiga injin nan ba. Sai wanda aka tsinta a gindin itace, hannu ya ɓare shi. In na karɓi naki don kin haifi ubana, gobe kowace sai ta zo da kakarta."

Na ɗauka tsohuwar za ta juya jakinta. Sai ta wuce ta gabana tana jan sanda, ta nufi buhunan da ke jere jikin bango, waɗanda za a fasa a matse kafin Alhamis.

"Waɗannan fa, shugaba?"

"An karɓa. Ni na duba da kaina."

"Da me kika duba?"

"Da ido mana. Na juye su, babu kashi, babu gashi."

"Da ido," in ji Kaka Ijja. Ta ɗebi ƙwallo ta murza a tafin hannu har ya yi ɗumi, ta karɓi dutsena ba ta tambaya ba, ta buga sau ɗaya, ta kai ƙwayar hanci. "Wannan ya kwana a cikin akuya. Wanke shi aka yi aka shanya, don an san mai duba kayan a takarda ta koyi argan."

Ta bi buhu goma sha ɗaya tana murzawa tana shinshinawa, ta sa sanda ta ture uku. Na san masu buhunan, ɗaya ma ƙanwar mijina ce, sai na dubi ƙafafuna.

"Ban tambayi na wace ce ba," in ji tsohuwar. "Kowa a nan akuya ce ta goya shi."

Najat ta tsaya kan buhunan uku, fuskarta ta canza. "Ashe hancin nan ba don tukunyar maƙwabta kaɗai aka yi shi ba."

"Yana wannan aikin ma, bai yi murabus ba."

"Ki zauna mana a bakin ƙofa. Duk buhun da zai shigo sai ya bi ta gabanki."

"In yi wa jikata aiki? Ke da na share wa majina?"

"Gidan ba nawa ba ne, na duk wadda ta zauna ne. Rabonki daidai da nawa."

"Daidai da naki? Ashe da tsufana za a rage min daraja. To kujera mai matashi, da shayi sukari uku."

"Biyu."

"Uku. Likita na uku nake nema."

"Biyu, kuma buhunki har yanzu ba zai shiga ba."

"Dama bai shiga ba ya fi. Zan matse abina a dutsen niƙa in kwaɓa man da zuma in yi amlu, kuma ke za ki fi kowa tsoma burodi a ciki." Ta juyo kanmu. "Ku kuma kallon me kuke? An cire uku, sai an cike gurbinsu kafin jibi. Zaina, matsa."

Na matsa. Da la'asar mata suka bazu gindin itatuwa, ƙanwar mijina ce a gaba, ba wanda ya aike ta. Ranar Laraba muka wuni muna ɓara muna fasawa har yatsuna suka kumbura, tsohuwar da ake cewa ta gama yayi tana fasa uku kafin in fasa ɗaya.

Alhamis mutumin Agadir ya zo da ƙaramar motarsa. Ya buɗe jarka ya kai hanci, ya rufe, ya buɗe wata, ya ɗiga a bayan hannu ya murza. Can ya ce a loda duka, kuma wata mai zuwa a ninka masa.

Da zai fita ya bi ta gaban kujerar Kaka Ijja, ta ɗaga hanci ta bi shi da shinshina.

"Wannan da buhu ne da na mayar da shi. Turare ya yi masa yawa, wani abu yake ɓoyewa."

Najat ta yi dariya har ta dafa bango. Ta kawo mata shayi, ta jefa sukari biyu, ta tsaya tana kallonta, sannan ta jefa na uku.